Tukwicin da Na Naɗe a Adiko

Asabar, 6 ga Mayu

Duk wanda ya tsinci wannan littafi bayan raina, ya yi haƙuri da ɓata masa lokaci. Ba don kowa nake rubutawa ba. Ni dai Zumreta bakina nauyi gare shi, hannuna ya fi shi sauƙi.

Yau muka shiga jirgin ruwa a Split, ni da Yaya Shefika. Ɗana Irfan ne ya biya komai daga Graz inda yake zaune, wai tun rasuwar babansa ban fita ko ƙofar garinmu Zenica ba. Ɗakin cin abincin ya fi masallacin unguwarmu girma, Allah Ya yafe mini kwatancen.

Mai hidimar teburinmu na bakin taga Vesela sunanta, 'yar Bitola ce ta Makedoniya. Harshenmu da nata suna jin juna in an bi a hankali. Ta kalli ɗankwalina sau ɗaya ta ce, "Goggo, ba alade, ba miyar da aka zuba wa giya, ko? Bar mini kicin, ni da su ne." Kirista ce, da ɗan gicciye a wuyanta. Yaya ta ce, "To ga ki da 'ya a tsakiyar teku, sai ki yi mata gado."

Lahadi, 7 ga Mayu

Alƙibla ba ta zama wuri ɗaya a nan. Na tayar da salla tana gaban taga, na sallame tana bayan ƙofa.

Litinin, 8 ga Mayu

Jirgi ya tsaya a Kotor. Ban sauka ba, ciwon gwiwa.

Vesela ta samo mini ƙwayar sukari don gahawa, da ta ga ina juya na takarda ina kallo. Ta nuna mini hoton ɗanta, yana wajen mahaifiyarta. Wata bakwai ba ta taɓa kansa ba.

Yaya ta gano a talabijin ɗin ɗakinmu cewa kullum ana rubuta mana yuro goma sha biyu kowacce, wai kuɗin hidima. Ta yi tsalle. "Tukwicin dole ai haraji ne! Ina aka taɓa cewa na gode da umarni?" Wani mutumin Tuzla, ɗan ƙasarmu, da ke teburin kusa da mu ya ce kamfani ke lamushewa, ko ƙamshinsa yaran ba sa ji, kuma in an je kantar karɓar baƙi aka ce a cire, za a cire.

Ni ba kuɗin ne ya dame ni ba. Malama Bisera, wadda ta karantar da mu a makarantar masallaci, Allah Ya ji ƙanta, abu biyu ta dasa mana: a ba ma'aikaci haƙƙinsa guminsa bai bushe ba, kuma abin da dama ta bayar kada hagu ta sani. Wannan kuwa gumi ya bushe, an bi da shi ta ofis, an kuma rubuta a talabijin.

Talata, 9 ga Mayu

Na je kantar ni kaɗai. Yarinyar wurin Turanci take yi, ni kuwa babu. Na nuna mata layin, na yi alamar gogewa. Ta yi tambaya mai tsawo, na tsinci kalmar ɗakin cin abinci a ciki, na gyaɗa kai. Nufina can zan bayar da hannuna. Ta tambayi lambar teburi, na nuna da yatsu. Ta rubuta, fuskarta ba walwala.

Da cin abincin yamma na naɗe kuɗin mako gaba ɗaya, nawa da na Yaya, na ƙara wani abu a kai, a cikin adikon goge baki. Na tura ƙarƙashin faranti, na tashi kafin Vesela ta dawo. Ko Yaya ba ta gani ba. Zuciyata wasai.

Laraba, 10 ga Mayu

Vesela ba ta zo teburinmu ba. Wani dogo ne, ya kawo mini nama da wani jan romo, ban iya tambaya ba, na ci burodi.

Alhamis, 11 ga Mayu

Na same ta a bene na sama, inda kowa ke ɗiba da kansa, tana kwashe farantan da aka ci aka bari. Na yi mata sallama. Ba ta ɗago ba.

"Goggo, me na yi miki?"

Na ce, "'Yata, ba ki ga adikon ba?"

Ta yi wata dariya da ba ta dariya ba. "Na gani. Kowa ma ya gani."

A tsaye ta faɗa mini, tana goge teburi don kada a ce ta tsaya hira. Kuɗin nan da na sa aka cire ba kyauta ba ne, shi ne mafi yawan albashinsu. Tukunya ɗaya ake zubawa a raba: ita, da masu wanke-wanke a ƙasa da ba sa ganin rana, da mai gyara mana gado. A kantar nan an rubuta cewa na yi ƙorafi kan hidimar teburinmu. Sannan a yammacin ranar aka ga kuɗi sun zubo daga adiko a hannunta. Shugabansu, Carmine, ya haɗa biyun ya ce ita ta zuga mu mu cire na tukunya mu damƙa mata ita kaɗai. Ta miƙa kuɗin nan take, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Kwantiraginta ƙarshen wata zai ƙare, kuma shi ke rubuta ko a sake kiranta ko kada a sake.

"Masu wanke-wanke ba sa amsa gaisuwata," in ji ta. "Wannan ya fi mini ciwo."

Na ce ni a ɓoye na so in yi.

"A jirgi, Goggo, ɓarawo ne kaɗai ke ɓoyewa."

Ban ci komai ba yau. Na ɗauka haƙƙin mutum ɗaya nake kaiwa, ashe na mutum nawa na tauye. Mutumin Tuzla kuwa na can yana tsotsar ƙashin kaza.

Juma'a, 12 ga Mayu

Da safe na faɗa wa Yaya komai. Ta riƙe baki. "Ke dai tsoron Allahnki sai ya kashe wani wata rana." Amma ta ɗauki jakarta ta bi ni zuwa kantar. Shekarun da ta yi tana shara a Jamus sun bar mata Jamusanci. An mayar da kuɗin hidima. Batun Vesela kuwa suka ce ba nasu ba ne, yana hannun Carmine, shi kuma ba ya ganin fasinja a ofis.

Yaya ta ce, "Kin gyara naki, ki bar nasu. Gobe warhaka muna mota."

Yau ne cin abincin bankwana, kowa ya ci ado. Carmine yana zagaya tebura da baƙar kwat yana murmushi. Da ya zo namu na miƙe. Ban san na miƙe ba sai da kujera ta yi ƙara. Na ce Yaya ta fassara, kada ta rage, kada ta ƙara.

Na faɗa. Cewa ni na je kanta da ƙafata, ba wanda ya aike ni. Cewa gyaɗa kaina jahilci ne, ba ƙorafi ba. Na faɗi abin da na sa a adiko, adadinsa, a gaban mutane, ni da ban taɓa faɗa wa marigayi abin da nake ba maƙwabta ba. Ya ce in zauna, a yi magana a hankali. Na ce a hankali na yi na farko, ga inda ya kai mu. Na ce in rantsuwa yake so, ni ban saba ba, amma zan yi. Masu hidima sun tsaya da farantai a hannu. Ina jin Yaya ta ƙara nata, don Jamusancin ya fi maganata tsawo, kuma ta nuna mutumin Tuzla da cokali.

Carmine ya dafa ƙirji ya ce zai duba. Zai duba kawai.

Ko riya na yi? Allah Ka san abin da ke ciki.

Asabar, 13 ga Mayu

Da karin kumallo ita ta kawo gahawa. Ƙwayar sukari biyu a gefe.

"Goggo, ashe kina da murya. Har kicin an ji ki."

An mayar da ita teburin, kuɗin adiko an zuba a tukunya. Maganar kwantiragi sai ƙarshen wata. Ta sa mini lambarta a waya. Na so in ce ta yafe mini, ta riga ni: "Sha kafin ya huce."

Laraba, 24 ga Mayu

Gida. Tumatirin da na bar wa maƙwabciya ya yi.

Jiya bayan azahar muka shiga shagon gahawa da matan masallaci. Da za mu tashi na kira yarinyar da ta yi mana hidima na tambaye ta, a nan wa ke ɗaukar abin da aka bari, ke kaɗai ko rabawa kuke? Ta ce rabawa, da mai wanke kofuna. Na ajiye marka biyu, kuɗin ƙasarmu, a fili kan teburi, na ce ku biyu na gode. Matan suka kalle ni. Ba wani abu ba ne, tambaya ce kawai na yi.

Saura mako ɗaya wata ya ƙare. Sau biyu na aika wa Vesela saƙo, shiru. Irfan ya ce a teku waya tsada gare ta. Wataƙila haka ne. Yau na sake, da murya na yi wannan karon, ban rubuta ba:

'Yata, Goggonki ce ta teburin taga. Sun ce ki dawo ko ba su ce ba? Ko wanne ne ina so in sani. Don Allah ki ba ni amsa da wuri.