Gaisuwar da Ke Kan Allo

Litinin, 4 ga Mayu

Har yau ban yafe wa ofishin nan ba. Ni na kafa musu ɗakin kwamfuta, suka sallame ni da agogon bango, suka ɗauko masu danna maɓalli. To, su danna.

Auta ta kira. Wai babbar manhajar kwamfutata ta tsufa, shi ya sa ba na iya ganin 'yarta a bidiyo. "Baba, kai da injin nan ban san wa ya girmi wani ba." Na ce zan sabunta, amma daga tushen rubutunta zan harhaɗa da kaina. Ba na cin tuwon da ban ga tuƙinsa ba.

Abu guda nake tsoro: ɗan fayil ɗin gaisuwa. Marigayiya uwar yara ce ta rubuta shi da yatsa ɗaya, lokacin da nake koya mata. Duk sanda na kunna sai allo ya ce: "Malam, ka ci abinci kuwa?"

Laraba, 6 ga Mayu

Na kwafe komai zuwa wani faifai. Nata na fara kwafewa.

Alhamis, 7 ga Mayu

Harhaɗawa ta kankama. Layuka na ta gangarowa kamar ruwa daga indararo, fanka na huci. Na zauna ina kallo har ido ya yi nauyi. Sai na ji kamar uwar yara tana bayana tana ninke kaya, tana cewa, "Wannan karatu naka ba ya ƙarewa?" Labule ne kawai ke motsi. Shayi ya huce ban sha ba.

Asabar, 9 ga Mayu

Na ɗora sabuwar manhajar, na sake kunnawa. Ta tashi lafiya lau. Sabon fayil ɗin gaisuwa ya hau kan nata, kamar yadda na zata, sai na dawo da kwafina. Gaisuwar ta fito, ko wasali bai ɓace ba. Na ce mata, "Na ci."

Lahadi, 10 ga Mayu

Na ga jikata. Haƙoran gaba biyu babu. Ta ce, "Kaka, gemunka ya cika allo!" Wai na yi dariya, in ji Auta.

Bayan sun kashe na duba jerin fayiloli. A da, gefen sunan nata akwai rana da sa'ar da hannunta ya taɓa shi na ƙarshe. Nakan tsaya a kai in yi ta tunanin wace riga ta sa ranar. Kwafin da na yi bai ɗauko wannan ba, harafi ɗaya na manta a umarnin.

Na gaya wa Auta. Ta ce, "Ai ka san ranar, Baba, ka mayar da hannu." Zan iya. Amma hannuna ne zai zama.

Kalmominta na nan. Kwanan watan na jiya ne.