Wanda Zai Riƙe Kunnen Inji

Silver Spring, watan Maulidi, 2009

Zuwa ga aminina Umaru, a Yelwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali, da idon nan naka, ko an sami sauƙi. Ka gai da duk wanda ya rage a bakin ruwa cikin waɗanda suka san ni. Wanda zai karanta maka wannan ajami ya yi haƙuri, rubutuna ba kamar da ba ne.

Ta'aziyyarka ta matata Talatu ta iso tun bara. Ban amsa ba don ban san abin da zan ce ba. Wata goma sha ɗaya ke nan. An binne ta a maƙabartar da bas ba ta zuwa, sai 'yata Hasiya ta sami hutu daga asibiti take kai ni. In na yi addu'a sai in tsaya ina kallon ciyawa. Ban yi kuka ba, Umaru, ko a ranar. Ina ci, ina salla, ina zama a tagar hawa na shida ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Muryarta ta ɓace mini. Ni da nake iya kawo maka sunayen jiragen fito bakwai da suka yi aiki tsakanin Yelwa da Rofiya kafin ruwan Kainji ya hau, da direbobinsu, da wanda ya gaji wane. Amma in na rufe ido ina neman Talatu, bakinta kawai nake gani yana motsi.

Dalilin rubutun dai ba wannan ba ne. Akwai ƙawar Hasiya, Chundung, 'yar Filato, tana kula da wata tsohuwar Baturiya mai suna Martina. Mijin Martina ya mutu shekara uku da suka wuce, ya bar mata wani jirgin ruwa siriri, dogo kamar tabarya, wanda ya sayo daga Ingila. Wai can irinsu suke bin hanyoyin ruwa da aka haƙa da hannu. Yana ɗaure a wata tashar jirage a bakin kogi, kudu da Washington. Chundung ta ce in raka su in sha iska, wai zaman taga zai sa in yi tsatsa.

Aka ɗaga murfin ɗakin inji. Umaru, inji ƙirar Lista ne, mai tukunya biyu, wato silinda biyu, irin namu na jirgin Alhaji Ɗanrani, har koren fentin. Tun mutuwar mai shi ba a tayar da shi ba. Ɗan Martina ya riga ya yi magana da mai tashar: ƙarshen Afrilu za a zo da mota mai ƙugiya a cire shi a kai wa masu narka ƙarfe, a sa sabo mai kwamfuta. Na ce da Chundung ta gaya musu injin nan bai mutu ba, barci yake yi. Mai tashar ya yi dariya. Martina ba ta yi ba. Ta ce in ya tashi kafin ranar, ba mai taɓa shi.

Ban ji daɗi ba, ban ji akasinsa ba. Na dai ce zan duba.

Naka,
Ladan Makaniki


Silver Spring, ƙarshen watan Maulidi

Umaru, sallama da gaisuwa. Ina fata zafin bana bai matsa muku ba, kuma jikokinka suna lafiya.

Ɗanka ya bugo waya ya ce wai ka ce jirgin Alhaji Ɗanrani tukunya uku ne. Biyu ne. Mai ukun na Garba Kurma ne, wanda ya zauna a kan yashi shekarar da aka canja hannun tuƙi. Idonka ne ya tafi, kada ka bari kanka ya bi shi.

Ina zuwa wajen jirgin Litinin da Alhamis. Jirgin ƙasa, sannan bas, sannan tafiyar ƙafa. Hasiya tana tsammani masallaci nake wuni. Likita ya ce zuciyata ba ta son ɗaukar abin da ya fi buta nauyi, ita kuwa maganar likita a wurinta ta fi ta ubanta.

Abin da na tarar bai ba ni mamaki ba. An bar tanki rabi, ruwa ya taru a ƙarƙashin man gas. Fistin ɗaya ya kama a cikin tukunyarsa, ba ya motsi. Mai tashar ya kawo guduma, na tare hannunsa. Na cire nozul mai fesa mai, na zuba kananzir da baƙin mai a tukunya, na rufe da tsumma, na tafi gida. Ya tambayi Chundung shi ke nan aikin? Na ce shi ke nan. Kwana goma, duk ranar zuwana ina ƙara kananzir ina jijjiga ƙafar injin, faifan ƙarfen nan mai juyawa, da tafin hannu, kamar mai tashin mara lafiya. Rana ta goma ta motsa da faɗin yatsa.

Ka san abin da ya sa nake son injin nan. Ba ya ɓoye ciwonsa. Ba fulogi, ba waya, ba ruwansa da batir. Ka ba shi mai mai tsabta, ka canja masa baƙin mai a kan lokaci, ka tsiyaye ruwan tanki, kada ka matsa masa da gudu, sai ya binne ka ya binne ɗanka. In ka kafa sukundireba a jikinsa ka sa ƙotar a kunne, zai gaya maka ko bawul ne ko ringi. Sabon da za su sa, in ya tsaya a tsakiyar ruwa, sai dai ka zauna ka jira yaro mai akwati ya zo ya tambaye shi. Na sa Chundung ta fassara musu wannan duka. Na lura ta gajarta.

Martina tana zama a kujera a bakin jirgi da bargo a ƙafa. Ba ta jin Hausa, ba na jin Turanci. Tana miƙo mini sifana, kuma ba ta taɓa miƙo wadda ba ita ba. Chundung ta ce shekara talatin tana miƙa wa mijinta. Ta ce tsohuwar ba yawo take so ta yi da jirgin ba, ƙarar kawai take so ta sake ji.

Na wanke tanki, na canja filta, na cire iska daga bututun mai. Saura tayarwa.

A gai da mutanen gida.
Ladan


Silver Spring, saura kwana shida Afrilu ya ƙare

Umaru, ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Ni dai da sauƙi, daga gado nake rubutu.

Ka tuna yadda muke yi. Ni a kan hannun tayarwa ina juyawa, kai ka ɗaga ɗan ƙarfen nan da muke ce wa kunne don inji ya saki iska, sai ƙafa ta ɗauki gudu ka sake shi. Shekara ashirin da biyu ina ce maka aikin malalata ne, ni ke zufa kai ke riƙe kunne.

Na ce zan yi duka biyun ni kaɗai. Mai tashar ya ce zai juya mini, na ƙi. Mutumin da ya zo wa inji da guduma ba zai taɓa hannunsa ba. Na juya sau bakwai, na miƙa hannu wajen kunne, sai na ga ɗakin inji ya yi fari. Na farka a kwance a katako, Martina tana buga sandarta a jikin jirgi tana kiran mutane.

Asibitin da Hasiya take aiki aka kai ni. Ka ga yadda asiri yake tonuwa. Ba ta ɗaga murya ba, gara ma ta ɗaga. Ta ce ta binne uwa a ƙasar nan, ba za ta binne uba saboda tsohon ƙarfen wata Baturiya ba. Ta karɓe katin bas ɗina ta sa a jakarta. Ta tambaye ni me ke cikin injin nan da babu a gidanta. Na ce mata dai an bar shi da rai, bai kamata a narka shi ba a kan ba a sami mai juyawa ba.

Ban ji tsoro ba da na faɗi. Ban ji komai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne na bar murfin ɗakin inji a buɗe, kuma an ce za a yi ruwa.

Ƙugiya za ta zo ranar Alhamis da hantsi.

Ka sa ni a addu'a.
Ladan


Silver Spring, farkon Mayu

Aminina Umaru, assalamu alaikum. Gaisuwa gare ka da iyali baki ɗaya, da fatan damina ta sauka lafiya. Tare da wannan takarda akwai kaset. Kada a sa maka shi sai an gama karatu.

Ranar Laraba da la'asar Hasiya ta dawo daga aiki, ba ta ko cire kayan asibiti ba ta ce in sa takalmi. Chundung ce ta gaya mata Martina ta daina cin abinci. A mota ta kafa mini sharaɗi: in na taɓa hannun tayarwa za ta juya da ni gida. Na ce to wa zai juya? Ta ce ita da take juya majinyata masu nauyin buhu biyu.

Ban taɓa barin mace ta kama hannun inji ba. Na nuna mata yadda za ta ajiye babban yatsa gefe ɗaya da sauran, don kada ya karye in inji ya mayar. Ni kuma na tsaya a wurinka.

Umaru, na raina aikinka shekara ashirin da biyu. Na saki kunne da wuri. Inji ya mayar da hannu, ya bugi tsintsiyar hannun Hasiya, ta zauna a ƙasa tana riƙe da shi. Ta kalle ni ta ce, Baba, wai ba kai ne makanikin ba? Na biyu na makara, ƙarfinta ya ƙare kafin in saki. Ashe ba da ido kake yi ba, numfashina kake saurara. A na uku na rufe ido na bi numfashinta, da na ji ya kai inda nawa yake kaiwa, na saki.

Ya yi tari sau biyu, ya watsa baƙin hayaƙi a fuskar mai tashar, sannan ya zauna a kan bugunsa, a hankali, kamar dakan mace ɗaya a turmi. Martina ta dafa bangon jirgin da tafin hannu ta bar shi a nan. Ɗanta ya buga waya aka fasa ƙugiya.

Na tsaya ina jira in ji daɗi. Bai zo ba. Na kafa sukundireba na saurari tukunya ta ɗaya, lafiya. Ina kan ta biyu sai na ji muryar Talatu. Ka tuna da safe in mun tayar da inji za mu bar gaɓa, Talatu takan gangaro da kwanon tuwo a kai, ba ta faɗin sunana, sai ta ɗaga murya sama da ƙarar inji ta ce, Mai jirgi, kwanonka! Har yadda take jan ƙarshen. Tun da muka zo ƙasar nan a hankali take magana saboda maƙwabta, ni kuma a cikin shiru nake ta nemanta. Ashe ba a nan na ajiye ta ba.

Hasiya ta ce in cire sukundireba daga kunne mu tafi, hayaƙi ba ya yi wa zuciyata kyau. Na ce ta ba ni minti biyar. Da ta ga fuskata ta fita ta ja murfin.

Ta mayar mini da katin bas. Sharaɗin yana nan: ranar Asabar kawai, ita a hannu, ni a kunne. Hannunta ya kumbura kwana uku, tana gaya wa abokan aikinta ubanta ne ya koya mata sana'a.

Yanzu a sa maka kaset ɗin. Ƙarar inji ce kawai, minti goma. Ina jin kamar bawul na tukunya ta biyu yana ɗan sauri, amma kunnena ba naka ba ne. Ka saurara ka aiko mini. In kuma ka ji wani yana kira daga gaɓa, kada ka ce a mayar da kaset baya, ka bar shi ya tafi.

Allah ya sada mu da alheri.
Naka har kullum,
Ladan, mai riƙe kunne