Filin da Dokas Ya Gani a Diski

Sintali, Jalingo
Litinin

Zuwa ga matata Ruwaida,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da baƙuwarmu. Yaya jiki, yaya ruwan zafi? Ki gaishe min da Baba da Inna da Goggo. Hammanjoda direba ya kawo min albishir, har da cewa yarinyar hancina ta ɗauko. Allah ya sa ƙarya yake yi, don tausayinta.

Da so samu ne da yanzu ina Gembu. Amma babbar kwamfutar ofishinmu, wadda sauran duka ke jingine da ita, ta zaɓi wannan makon ta yi yaji. Da zarar mutane sun zauna aiki tare sai ta ce memori ya cika, ta kashe wa kowa aikinsa. Oga Philemon ya ce ba zai sa hannu a hutuna ba sai ta warke, tunda ni kaɗai ne likitanta. Ga suna ranar Asabar.

Yau dai na gano cutar. Kin san yadda kike yi ranar biki idan kicin ya cika, ki kai wasu tukwane ɗakin baya, ki ɗauko in bukata ta taso? Ita ma akwai yankin da ake ware mata a diski don haka, sunansa suwap. Na duba, babu shi babu alamarsa.

Kin tuna Dokas, abokin aikina da ya shuka kuɓewa a wurin ajiye motoci? Mutumin nan ba ya iya ganin fili a zaune. Makon da na kai ki gida na bar masa lambar sirrin injin. Ya leƙa diski, ya ga yanki ba kowa a ciki, ya gyara shi tsaf ya zuba bayanan ma'aikata. Illar ba ta fito ba sai yanzu da aikin ƙarin girma ya tara kowa. Wallahi jira yake in yaba masa.

Ki sa ni a addu'a.

Mijinki,
Abdulsalam

Sintali, Jalingo
Laraba

Ruwaida,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ina fata sanyin Gembu bai takura wa baƙuwa ba. Ki rufe mata kai da kyau.

Ban iya korar Dokas daga gonarsa ba, don wata da watanni aka yi ana buga abin da ya zuba a wurin. Sai na yanki wani fili a diski na biyu, na yi babban fayil, na gaya wa kwamfutar nan ne sabon suwap ɗinta. Ta karɓa. Kowa ya zauna aiki, ko tari ba ta yi ba. Oga ya ɗauko takardar hutuna, ya zaro biro daga aljihu, ina kallo.

Sai wuta ta ɗauke.

Da aka tayar da janareta kwamfutar ta farka ta manta da duk abin da muka yi. Ashe da baki kawai na gaya mata, ban rubuta shi a fayil ɗin da take karantawa in ta tashi ba. Kafin azahar ta sake kashe wa mutane aiki. Oga ya mayar da biro aljihu. Dokas ya yi dariya har da riƙe tebur, daga baya ya dawo yana ba ni haƙuri kamar an yi min rasuwa.

Ina miki raha ne, amma raina ba daɗi. Ina tsoron a raɗa wa 'yata suna ina nan zaune gaban allo. Kuma na yi kewarki ƙwarai, gidan nan ya yi min girma.

Naki,
Abdulsalam

Gembu
Juma'a, bayan la'asar

Ruwaida,

Da fatan kun wuni lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun, a cinyata nake yinsa.

Layi ɗaya tak na ƙara a fayil ɗin nan da kwamfutar ke karantawa in ta tashi. Amma Oga ya daina yarda da bakina. Jiya da kansa ya sa aka kashe kwamfutar aka kunna, aka sake, aka kuma. Duk tashin da za ta yi sai ta nemo suwap ɗinta da kanta. Ya tara kowa, har masu tafiya banki ya dawo da su, ya ce su danna aiki iya ƙarfinsu. Ta ɗauke su duka. Wannan karon biron ya sauka a takarda.

Dokas ya zo ya tsaya a bayana yana kallon allo, ya tambaye ni ko ba asara ba ce rabin sabon filin yana zaune haka kawai. Nan take na canja lambar sirri. Ya aiko miki da busasshiyar kuɓewa ta miyar jego, ta wurin ajiye motoci ce, ya ce in faɗa miki.

Kin ga adireshin da ke saman wasiƙar nan? Hammanjoda ya sauke ni tun ɗazu. Baba yana zaune a zaure da baƙi, kunyar suruki ta hana ni wuce shi. Ina ƙarƙashin bishiyar fiya ta ƙofar gida, sanyi yana ci na. Goggo ta gan ni, tana ta yi min tsiya, ita za ta shigo miki da wannan.

Ki roƙe ta ta fito min da yarinyar, ko a cikin zane ne. Ina so in ga hancin nan da idona.

Mijinki da ke waje,
Abdulsalam