Takardar Iyali Ba Ta San Habiba Ba

Zuwa ga Daraktan filin wasannin yara na bakin teku, Libreville.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka. Sunana Sabi'u, yadi nake sayarwa a Nkembo. Kai ba ka san ni ba, amma masu gadin ƙofarka sun san ni sarai. Sau uku ina fara wasiƙar nan a shago ina yayyagawa. Babbar Sallah saura mako biyu, yara sun ishe ni da tambaya, ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye.

Shekara bakwai ke nan, duk washegarin Sallah da duk hutun makaranta wajenku muke. Abokaina kan kwashi iyali su tafi gida Kano, ni na ce hutunmu na nan kusa, taksi ɗaya ya kai mu. Har tsiya suke mini, wai gemai-gemai da ni ina hawa motar karo. To, ina hawa ɗin, kuma daɗinta nake ji.

Na farko, kuɗin shiga. Da, sefa ɗari biyar mutum zai ba da ya hau komai. Tun da kuɗin mai ya cika gari, ƙofa kaɗai ta koma dubu biyu, kowane lilo kuma da nasa tikitin. Na san komai ya tashi, ni ma na ƙara wa yadi kuɗi. Amma haba! Ba duk mai zuwa ne ke saukowa daga motar kamfani daga unguwar masu kuɗi ta Batterie IV ba.

Na biyu, kun hana shiga da abinci. Bara maigadi ya buɗe kwanon soyayyen naman layyar da matata Rabi ta ƙullo, ya ce a bar shi a waje. Wannan ma na haɗiye.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni. Kun fito da tikitin iyali mai rangwame, kuka ce sai an nuna takardar iyali ta hukuma. Yara huɗu ne a gidana, uku ne a takarda. Ta huɗun Habiba ce, 'yar yayana marigayi, tun tana goye Rabi ta karɓe ta. A wajenmu ɗan ɗan'uwa ɗa ne, ba a ko furta bambancin. Baba take ce mini, kuma in na sayo takalman Sallah nata nake fara miƙawa.

A ƙaramar Sallar da ta wuce, mai sayar da tikiti a taga ta karanta sunaye uku da ƙarfi, sannan ta nuna Habiba da biro ta ce wannan ba 'yar gidan ba ce, ta koma wancan layin. Da Faransanci ta faɗa. Duk gidanmu babu wanda ya kai Habiba jin Faransanci, don haka ta riga ni fahimta. Shekararta tara. Na saya mata tikiti daban, nasu shuɗi nata ja. Wallahi ranar ko lilo ɗaya ba ta hau ba, takalman ƙannenta ta wuni tana riƙewa. Raina ya ɓaci, har yau kuma bai huce ba.

Yanzu ukun kullum sai sun tambaye ni yaushe za mu je. Ita ba ta tambaya ba. Jiya ta ce wa Rabi bana za ta zauna ta taya ta suya.

Roƙona shi ne tikitin iyali ya ƙirga yaran da mutum ya riƙo hannunsu, a bar maganar takarda. Ku sassauta kuɗin ƙofa ko da ranakun Sallah ne, ku bar mu da kwanonmu. In ba zai yiwu ba, ku sanar da mu da wuri. Na riga na je ofishin jirgi a unguwar Plaine Orety na tambayo kuɗin jirgin Kano, in ya fi ƙarfina tabarma za mu shimfiɗa a bakin ruwa, mu shida.

Kuɗin ƙofarku, in na matsa wa kaina, zan nemo, ranka ya daɗe. Amma ba zan sake tsayar da yarinyar nan a gaban tagar can ba.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuri'a, ya sa kada a taɓa ware naka a cikin 'yan'uwansa.

Wassalam, naka mai jiran amsa kafin Sallah,
Sabi'u mai yadi, Nkembo.