Na Zaɓi Taraktar Da Ƙafarsa Ba Za Ta Iya Ba

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ya fi wanda za ku yi mini. Yau Litinin, kuma shawarar da ba ta iso ni kafin Alhamis ba, ba ta da amfani.

Ni mutumin Damagaram ne, amma Arlit ta cinye ƙuruciyata. Shekara goma sha tara ina tuƙa injin kwasar dutse a ƙarƙashin ƙasa, har ranar da aka rufe ramin haƙar ma'adinan aka sallame mu. Wanda ya koya mini aikin wani bawan Allah ne mutumin duwatsun Ayar, bari in kira shi Aghali, ko da yake ba sunansa ba ne. Shi ya sauke ni a ɗakinsa sa'ad da na zo garin nan da jaka ɗaya, shi ya ɗora hannuna a kan bolan, wato sitiyari, shi ya tsaya mini a matsayin yaya ranar ɗaurin aurena. Shekara biyu kafin a rufe, dutse ya zubo masa a ƙafar hagu, aka sa masa ƙarfe a gwiwa. Yana tafiya, amma da sanda, kuma ƙafar ba ta ɗaukar nauyi.

Bayan sallama dukanmu muka koma noman garka, wato lambu, a bayan gari, muka shiga ƙungiyar masu garake. Ku yi tunani, mutumin da ake ba hanya in ya taho da inji, yau shi ne da buhun takin akuya a ka. Ban raina noma ba, wallahi, albasa da tumatir sun rufa mana asiri, amma hannuna ƙaiƙayi yake yi. Ko kamiyo, babbar motar kaya, ya wuce sai na bi shi da kunne, ina jin inda direban ya ɓata bitas, wato giya. To bara sai wani furoje na masu ba da tallafi ya ce zai ba ƙungiya ƙaramar tarakta mai cokali a gaba, don kwasar taki da janye rairayin da iska ke tara mana a bakin shinge da ɗan kaftu. Suka aiko takarda da Faransanci, iri biyu, mu zaɓa. Da yake ni ke karatu kuma ni na san inji, shugabarmu, wata Hajiya Ba'adara mai faɗa a ji, ta miƙo mini takardar, ta ce in yi magana da mai sayarwa a Agadas ta tarho in zo in yi wa taro bayani.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Ta farko mai bitas ce, tana da wata ƴar sanda kusa da bolan: ka tura ta gaba tarakta ta yi gaba, ka jawo ta baya ta yi baya, amma kowane juyi sai ka taka ambiriyaj, wato kuloci, da ƙafar hagu har ƙasa. Ta biyu ita ake ce wa mai idiro, matsin man cikinta ne ke tura ta. Ba ta da ambiriyaj sam. Abin takawa biyu ne a ƙafar dama, ɗaya gaba ɗaya baya, ka danna ta tafi, ka ɗaga ta tsaya. Mai sayarwa ya tambaye ni irin aikinmu, na ce masa garake ne ƙanana, hanyoyi matsattsu tsakanin fangali, gaba da baya wuni guda. Ya ce, "To ai malam ba shawara, mai idiro za ku ɗauka. Mai bitas ta masu babban fili ce da ke jan garma tun safe. Mai idiro kuwa ko mai ƙafa ɗaya ya tuƙa ta." Haka ya faɗa, cikin raha, bai san akwai mai ƙafa ɗayan ba.

Ni kuwa tun kafin takardar ta zo na ji abin da dattawan ƙungiya suka yanke. A wurinmu kujera ta babba ce, in dai zai iya. Sun ce in Aghali zai iya hawa shi ne direba, ni mataimaki. Mataimaki! Kwana uku ina nanata kalmar nan. Me ya hana in yi murna? Ba shi ya koya mini ba? Ba shi ya fi ni buƙatar aikin zaune ba, mutumin da ko guga ba ya iya ja? Duk na san wannan. Amma zuciya ta yi ta raya mini cewa na gaji da zama a bayan wani, kuma wannan ce kujera ta ƙarshe da zan samu a rayuwata.

Ranar taro, ƙarƙashin rumfar Hajiya, na tashi na yi bayani kamar malamin lakwal a gaban aji. Na ce mai idiro man cikinta na yin zafi, ga zafin Arlit, in ta lalace babu makanike a nan da zai buɗe cikinta, sai a jira kaya daga Yamai. Wannan akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shi ya sa ya shiga kunne. Sai Hajiya ta katse ni, ta ce, "Dakanta. Ni abu guda nika son sani. Cikin biyun ga, akwai wadda Aghali ka iya tuƙawa da ƙahwa tai?" Kowa ya juyo. Aghali na gefe yana juya sandarsa a ƙasa, bai ɗago ba. Na buɗe baki na ce, "Hajiya, duk biyun da ambiriyaj suke." Ko muryata ba ta yi rawa ba, abin da ke ba ni tsoron kaina ke nan. Hajiya ta ce, "To Allah shi kyauta," aka sa hannu a mai bitas.

Ranar da ta iso, jama'a sun taru kamar an kawo amarya. Hajiya ta ce ko ba komai a bar babba ya fara ɗana ta. Muka tallafa masa ya hau. Na ga hannunsa ya shafa bolan, na ga ya gyara zama irin na da. Ya tada ta, ya ɗora ƙafar hagu, ya danna, ƙafar ta hau karkarwa kafin ta kai rabi. Tarakta ta yi tsalle ta tumɓuke shingen garkar maƙwabci, ta mutu. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi sauƙi. Ya sauko a hankali, ya ja rawaninsa ya rufe har hanci, ya miƙo mini makulli. Ya ce, "Ƙanena, hau. Taraktan nan shi na da ƙarfi, ni ne babu. Alhamdu lillahi da muna da kai."

Na hau, na samu abin da nake so. Kun san me na samu? A garaken nan sai na taka ambiriyaj sau ɗari kafin azahar, ni mai lafiya ma da ɗingishi nake komawa gida. Amma ba wannan ya hana ni sakat ba. Makon jiya matar Aghali ta tare ni a ƙofar garka, mace mai kunya da ba ta taɓa tsayar da ni a hanya ba. Ta ce tun ranar nan mijinta ya samo wani tsohon ƙarfe mai lanƙwasa na kamiyo, ya ɗaure shi a katako cikin bukkarsa, kullum da safe yana zaune yana taka shi, wai yana koya wa ƙafar. Gwiwa ta kumbura ta yi suntum. Sun je likita, an ce masa in bai bari ba ƙarfen cikin zai goce, kuma in ya goce ko tafiyar da sanda sai dai labari. Ta ce, "Ba ya jin maganata, ba ya jin ta likita. Kai kaɗai yake ji a kan inji. Ka ce masa ya bari."

Kwana biyu bayan haka mai sayarwa ya kira ni. Wata ƙungiya can wajen Ingal, masu babban fili, su mai idiro aka kai musu, kuma mai bitas suke so. Ya ce in mun yarda a yi musanya, kamiyonsa zai hau Arlit ran Alhamis, ya sauke waccan ya ɗauki tamu. Abin da ake buƙata kawai sa hannun shugaba da yardar taro. Na ce zan kira shi. Har yanzu ban kira ba. In na je wa Hajiya da maganar, tambayar farko da za ta yi ita ce me ya sa, kuma matar nan ba a yi mata kwana-kwana. Na yi tunanin in ce sabon samfuri ne ya fito, amma takardar farko na cikin akwatinta, kuma ranar da tarakta ta sauka kowa zai ga babu abin takawa a hagu, kowa zai tuna abin da na faɗa a rumfa. A garin nan da kowa ya san kowa tun daga rami, ina zan sa fuskata? Wa zai sake ba ni amanar ko da buhun iri?

Jiya da hantsi na daure na tafi bukkarsa, na rantse a hanya zan faɗa masa komai. Na tarar da shi a kan katakon nan, gumi na zuba, yana ƙirgawa. Da ya gan ni ya yi fara'a, ya jawo gawayi ya ɗora shayi. Ya ce yanzu yana kai arba'in ba hutawa, nan da wata guda zai roƙe ni in bar shi ya sake gwadawa, ba a gaban mutane ba. Na ce, "Yaya, ka bar abin nan, zai kashe maka ƙafa." Ya ce, "To in bari in yi mi? In zauna ina kallon tumatir?" Na ce, "Yaya, da a ce akwai wata tarakta..." Ban ƙarasa ba ya ɗaga mini hannu yana murmushi. Ya ce, "Kada ka wahal da kanka. In da akwai wanda ƙafa guda ke tuƙawa a duniyan nan, na sani kai za ka fara kawo mini shi." Ya miƙo mini kofin farko, na karɓa na sha, na yi masa sai anjima. Ban kai bakin shinge ba na ji ƙarar ƙarfen ta ci gaba.

Jama'a, in na yi shiru kamiyo zai zo ya wuce, mutumin nan zai ci gaba da taka ƙarfe har ƙafar ta tafi. In na yi magana zai samu kujerarsa, amma zai san wanda ya hana shi ita, kuma ban san ko zai sake kirana ƙanensa ba. Shi zan fara tunkara ko Hajiya? Da wane baki zan fara? Saura kwana uku. Don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?