Kullum Sai Inna Ta Sake Shiga Takaba

Anti Rahmatu, don Allah ki agaza min da shawara, wallahi na gaji.

Ni 'yar Baure ce, ina aure a cikin Daura, kuma Innarmu tana wurina tun da ciwon mantuwa ya kama ta. Babanmu ya rasu shekara uku ke nan, ta yi takabarta ta fita lafiya. Amma yanzu kusan kowace safiya sai ta dama fura a kwanonsa, ta tambaye ni ko ya dawo daga masallaci. In na ce ya rasu, sai ta zube tana salati kamar yanzu aka fita da gawar. Ta cire 'yan kunne, ta goge kwalli, wai ta shiga takaba, abinci ma ta ƙi. Kafin la'asar ta manta. Gobe a sake.

Abin da ke ɗaure min kai, Yasin ba ta tuntuɓe a cikinta, dambu kuwa har yau ban kama ƙafarta ba. Amma ni da nake mata wanka, wani lokacin Siddiƙa take kirana, ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa. Har tsawa na taɓa yi mata, Allah ya yafe min, na zaci da gangan take yi.

Rannan na ce mata Baba ya tafi kasuwar Mai'adua. Ta ci tuwonta ta yi barci. Yayana Abdulbaƙi, malami ne, da ya ji sai ya ce ƙarya ƙarya ce, balle ga uwa. Shi kuwa daga Juma'a sai Juma'a yake leƙowa, ya sa albarka ya tafi. Inna ta rame, ni kuma tsoron wayewar gari nake yi. Yaya zan yi?

Mai jinya, Daura.

'Yar'uwa, sannu da ɗawainiya. Inna ba da gangan take yi ba. Ƙwaƙwalwa ba a rumbu ɗaya take ajiya ba. Abin da hannu ya saba wurinsa daban, ilimin da aka daɗe da sani daban, tuna abin da ya faru da mutum shi ma daban. Wannan na ƙarshen shi ne ciwon ya fi saurin ci, musamman na kusa-kusa. Shi ya sa ta san hukuncin takaba sarai, amma ba ta san ta yi ba.

Yayanki tsoron Allah ne ya sa shi magana, kada ki ga baƙinsa. Sai dai ba dole ba ne ki zaɓi ƙarya ko kuka. In ta tambaya, ki ce ba ya gida, ki karɓi furar, ki ja ta da hirar zamaninsu a Baure. Yawanci kewarsa take yi, ba labari take nema ba. In ta tsare ki da tambayar ko ya rasu, kada ki musa, ki riƙe hannunta ku yi masa addu'a.

Ki kai ta asibiti likita ya duba ta, ramar nan ba abin sakaci ba ce. Abdulbaƙi kuma ya zo da sassafe ko sau biyu a mako, ke ki huta, shi ya gani da idonsa. Ki gaya masa takabar nan sau ɗaya Allah ya ɗora mata, kuma ta sauke. Kada ku riƙa ɗora mata sabuwa kowace safiya.

Allah ya ba Inna sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri.