Askin Da Nake Jira

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu.

Ni ne Ɗantani, ɗan Mumuni Wanzami na zongon Sokode, wanda mutanen Dapaong suka fi sani da Mai Lamba. Ina faɗa, Malam Bukari limaminmu yana rubutawa, domin hannuna ya fara rawa. Hannun ne kawai, hankalina yana nan daram. Na san yau Alhamis ce, na san bana aka ce yaƙin Nasara ya ƙare, na kuma san kunun da uwarku ta dama da safe tsamiya ta yi masa yawa. Ciwon cikin nan kuwa na ga irinsa a jikin mutane da dama a asibiti, ba sai lokotoro, wato likita, ya tsaya yana ɓoye mini ba. Saboda haka Karimu, Fulera da Alidu, ku saurara, ku zaunar da uwarku Salamata kusa idan ana karantawa.

Ba rabon kaya ne ya sa na kira Malam ba. Maganar babanku ƙarami ce, ƙanena Salifu, Sarkin Askan zongon Sokode, da rantsuwar da Karimu ya yi a kansa. Amma bari in fara kawar da ƙananan.

Na farko. Ba wanda nake bi, ba wanda yake bina. Abin da na bari a raba yadda shari'a ta ce, ba shi da yawan da zai kawo faɗa. Filin da ɗakunanmu suke kai aro ne daga dattijon ƙabilar Moba na bayan kasuwa. Shi ya rasu, amma 'ya'yansa suna nan. Ku ci gaba da kai musu goro da kaza idan kaka ta yi, kada a wayi gari wani cikinku ya ce gado ne.

Na biyu. Kakin da ke rataye bayan ƙofa da akwatin lamba na gwamnati ne. Alidu ya kai su asibiti, ya damƙa su a hannun Misye Komlan, babban anfirme, wato ma'aikacin jinya, ya gaishe shi da ladabi. Na san kun sha jin sunansa a bakina ba da daɗi ba. Mutumin bai yi mini komai ba.

Ga yadda na shiga kakin nan. Shekarar da agana ta shiga Sokode, lokotoron Faransi ya zo zongo yana neman masu taya shi yi wa mutane lamba. Ya tarar da ni a gidan suna ina yi wa jariri tsaga, ya tsaya yana kallon hannuna. Lamba ai aikin wanzami ce: a ɗan yaga fata a damtse, a ɗiga magani. Ya ce zai ba ni kaki da albashin wata, kuma in na daure wata rana zan zama anfirme. A lokacin na gaji da ƙaho da kaciya, na gaji da zaman jiran kason naman suna. Na ga masu kaki suna tafiya ana ba su hanya. Da na gaya wa kakanku yana wasa aska a kan dutse, bai ko ɗago ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "To, ka riƙa zuwa gida."

Aka kai ni Mango, daga can aka kawo ni nan. Na taka ƙasar Moba da ta Gurma da akwati a ka har ba ƙauyen da ban san rijiyarsa ba. Ku tambayi mutanen Nano. Da an hango kakina sai ka ji mace ta kwarma ihu, "Mai yanka yara ya zo!" Kafin mu kai gindin kuka an zuba yara cikin rumbu an rufe. Waɗanda muka kama, da mun juya baya uwayensu su matse lemun tsami a wurin don kada lambar ta kama. Ban ga laifinsu ba, ba su san mu ba. Aikin kuma ya yi amfani, akwai ƙauyukan da agana ta daina shiga, ina fatan Allah ya rubuta mini. Amma ku duba abin da ke cina. Ni da Salifu duk ƙarfe muke sa wa yaro ya yi kuka. Shi ana kai masa yaron da guɗa, ni ana ɓoye mini.

Anfirmen da aka yi mini alkawari kuwa, ina ta jira har furfura ta fito, sai aka aiko Komlan daga kudu, ya fito lakwal, wato makarantar boko, yana rubuta Faransanci da sauri kamar kaza tana tono. Aka ba shi farar riga da keke. Ni na nuna masa hanyoyin daji, ni na koya masa yadda ake riƙe damtsen yaro mai fizge-fizge. Bayan haka sai "Ɗantani, kawo ruwan zafi." Kullum ya wuce a keken nan sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Ba shi ya hana ni karatu ba, ba shi ya cire ni daga gidanmu ba. Kekensa ne kawai ya fi kusa da idona.

Na uku. Zabirar kakanku, wato jakar fatar da ke ƙarƙashin gadona, da asakenta da ƙahonninta da dutsen washi. Ni ya bar wa tun kafin a haife ku, domin ni ne babba. Kun sha ganina ran Juma'a ina fito da su ina wasawa ina shafa musu mai, in mayar, alhali tun da suka zo hannuna ban da kawunanku ba kan da suka taɓa. A mayar da ita Sokode hannun Salifu. Wanda cikinku yake ganin yana da kaso a ciki ya yafe mini shi. Askar da ta daɗe ba ta ga gashi ba tana bani tausayi.

Yanzu ku buɗe kunnuwa, domin a nan kuka yi kuskure, kuma a bakina kuka tsince shi.

Kun taso kuna cewa Salifu ya ƙwace mini rawani. Bai ƙwace ba. Da kakanku ya rasu, dattawan zongo suka ce a naɗa ɗansa Sarkin Aska, Salifu ya biyo kamiyo, wato babbar motar kaya, da kansa har ɗakin nan. Karimu yana Mango a lokacin yana koyon mota, Fulera tana Nano wajen gwaggonta, Alidu yana goye. Ya durƙusa inda Malam yake zaune yanzu ya ce, "Yaya, kai ne babba. Ka tuɓe rigar nan ka dawo gida, ni in riƙe maka zabira." Na ce ya je, ni an kusa yi mini anfirme. Ku tambayi uwarku, ita ta dafa masa doyar da ya kawo.

Ranar naɗin mun je dukanmu. Na goge kakina har yana ƙyalli, aka ba ni kujera wajen baƙi. Wani saurayi ya nuna ni ya tambaya ko wane ne, wata tsohuwa ta ce, "Ɗan gidan ne, wanda ya tafi aikin Nasara." Na duba taron, ba yaro ko matashin da hannun Salifu bai taɓa kansa ranar suna ba. Hausawa, Kotokoli, mahauta, 'yan goro, kowa yana cewa wanzamin gidanmu ne. Na yi murna, Allah ya sani, amma tuwon ranar a kwano na bar shi. A hanyar dawowa, muna bayan kamiyo, na ce wa uwarku rawanin nan da kaina aka auna shi. Ta harare ni. Kai kuwa Karimu ka ji, ka riƙe.

Daga nan na daina zuwa Sokode. Nakan ce ba a ba ni izini ba, ku kuka ɗauka fushi ne. Kunya ce, da ƙyashi. Malam ya ce hassada ita ce ka so a raba mutum da abin da Allah ya ba shi. Ina fatan ban kai nan ba. Nawa dai shi ne, duk sanda direbobi suka kawo labarin Salifu ya sake gini, ko an zo ɗaukarsa har daga Kparatao don kaciyar yara, sai in kwana ina lissafin inda da nake yanzu in da na zauna. Mutum ya wuce arba'in, ya waiwaya ya ga mararrabar da ya saki hanya, ya ga kuma ta yi nisa. Na yi nadama, ba zan ɓoye muku ba. Sai dai gunagunin uba a tsakar gida ba shaida ba ne, ku kuma kuka ɗauke shi kamar hukuncin alƙali.

Na huɗu, naka ne Karimu. Kai direba ne, kamiyonka yana kwana Sokode, amma an ce gara ka shimfiɗa tabarma a tasha da ka taka gidan da aka haifi ubanka. Bara Salifu ya aiko da doya kamar yadda ya saba kowace kaka, ka mayar masa da ita a motar da ta kawo ta. Ka ɗauka ban sani ba. A zongo ba a mayar da buhun doya a ɓoye. Sannan da cikin matarka Husseina ya fito, ka rantse a gaban mutane cewa askar Salifu ba za ta taɓa kan ɗanka ba. Na san ƙaunata ce ta sa ka, kuma zuciyar nan taka ba daga waje ka samo ta ba. Amma ka yi tunani. Tun daga kakan kakanku da ya biyo fatake ya sauka ƙasar nan, ba a taɓa haihuwa a gidanmu baƙo ya yi askin suna ba. Ku ukun nan ni na yi muku da asaken zabirar can. Ni ba zan kai haihuwar Husseina ba. In baƙo ya aske jikana alhali Salifu yana raye, to gidan Mumuni ya rabe biyu ke nan, kuma 'ya'yanku ba za su ma san abin da ya raba shi ba.

Rantsuwa tana da kaffara, na tambayi Malam. Jar akuyar nan na ware ta tun ina da rai, a sayar a ciyar da miskinai. Ka karya rantsuwar, alhakin yana wuyana.

Na biyar. Fulera, ke ce mai sanyin baki a cikinsu. In yayanki ya fara tada jijiyar wuya, ki taso daga Nano ki zauna masa a ƙofa har ya sauko. Uwarku ta zaɓi inda za ta zauna bayan takaba, kada kowa ya zaɓa mata. Ta biyo ni ƙasar da ba ta jin yarenta, ta yi shekaru tana sauraron labarin keken Komlan, ba ta taɓa cewa ta gaji ba, ko da yake fuskarta takan faɗa. Salamata, ki yafe mini.

Na shida. Alidu, kana lakwal, malaminku ya ce kanka yana ja. Na kuma lura da yadda kake riƙe aska idan ka ɗauka ba na kallo. Ba zan zaɓa maka ba. Ni da na zaɓa wa kaina ga inda na tsaya. In karatu ne, ka yi shi har ƙarshe, kada ka tsaya rabi kamar ni, ba wanzami ba, ba anfirme ba. In aska ce, Salifu ba zai kore ka ba. Kowacce ka kama, za ka ga wanda ya fi ka a cikinta, za ka kuma ga wanda ya fi ka a wadda ka bari. Komlan ɗin nan da nake kallo, na taɓa jinsa yana tsaki don an turo wani likita baƙar fata daga Dakar an ɗora masa a kai. Idan abin ya tokare maka ƙirji, ka je ka gaishe da mutumin tun da wuri. Kada ka kawo shi gida ka zube gaban yara.

Saura na ƙarshe, shi kuma ba ya jiran mutuwata. Malam zai karanta muku takardar nan yau bayan la'asar.

Kun ga gashin kaina da gemuna sun yi buzu-buzu. Uwarku tana ta faɗa, wanzamin kasuwa ya zo na sallame shi da goro, kuka ce ciwo ne ya sa ni rigima. Ba rigima ba ce. A gidanmu yaro yakan fara koyon aski a bayan ƙwarya, sannan a ba shi kan ɗan'uwansa. Kaina aka ba Salifu. Tabon da ke bayan kunnena na dama nasa ne, ranar ya fi ni kuka. Tun daga lokacin har na sa kaki shi yake mini aski, kuma ban sake samun hannu mai sauƙi irin nasa ba. Shi nake jira.

Allah ya yi muku albarka, ku da abin da za ku haifa. Allah ya sauki Husseina lafiya. Allah ya sa wa sana'arku albarka, ya kuma sa ku ga albarkar da idonku. Ku riƙe salla, ku riƙe uwarku, ku riƙe juna. Gidan Sokode da na Dapaong gida ɗaya ne, kada in ji a kabari an ce akwai na can da na nan.

Karimu, kamiyonka zai tashi jibi. Ka ɗauki zabirar, ka shiga gidan da sallama, ka durƙusa. Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce masa Yaya ya ce kansa ya cika. Ka ba shi kujerar gaba, kada ka tsaya ɗaukar kaya a Mango. Shi wanzami ne, ya san ba a yi wa gawa aski.